Na ga hoton Hiroshige na dala 90 a eBay, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na jima ina sha'awar hotunan nan na Japan da ake bugawa da katako, masu duwatsu da gadoji da ruwan sama. Na ci karo da wani a eBay na jerin hotunan hanyar Tokaido (tsohuwar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto), an rubuta Hiroshige, mai shi ya ce tsoho ne na asali, dala 90 kacal. In saya ko in haƙura? Ina Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya a wannan farashin da wuya ya zama bugun zamanin Hiroshige, amma hakan ba yana nufin jabu ba ne kai tsaye, bari in yi maka bayani.

Shi Hiroshige (mai zane ɗan Japan, ya rasu 1858) ba shi ke bugawa da hannunsa ba. Zane yake yi ya miƙa wa mawallafi, masassaƙi ya manna zanen a kan katakon ceri ya sassaƙe, kowane launi da nasa katakon, sai mai bugawa ya shafa launi ya ɗora takarda ya dinga murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren. Jerin Tokaido ɗin da ya yi suna mawallafin Hoeido ne ya fitar da shi wajen 1833 zuwa 1834, hotuna 55, kuma ya samu kasuwa sosai, aka yi ta bugawa aka yi ta bugawa har katakon ya gaji, daga baya wasu suka sake sassaƙa sabbin katakai suka ci gaba, har yau ɗin nan kamfanin Adachi a Tokyo yana irin wannan aikin tun 1928, da hannu kuma, kuma ba sa ɓoye cewa sabon bugu ne. To ka ga hoto ɗaya zai iya zama bugun farko, ko bugun ƙarshe na tsohon katako, ko sabon sassaƙa, ko ma na injin firinta. Kuɗinsu kuwa ko kusa ba ɗaya ba. Shahararren hoton igiyar ruwan nan na Hokusai, wani mai zanen Japan na wancan zamanin, an sayar da guda ɗaya a gidan gwanjo na Christie's da ke New York a 2023 kan dala miliyan 2.76, alhali a zamaninsa kuɗin irin waɗannan takardu bai wuce na taliyar soba kwano biyu ba.

Abu na farko, ce wa mai sayarwar ya turo maka hoton BAYAN takardar. Nan ne asiri yake tonuwa. Bugun hannu launin yana ratsa takardar ya leƙo ta baya, kuma za ka ga sawun murzar baren, wani zagaye-zagaye musamman inda launi ya yi faɗi kamar sama ko teku. In bayan fari ne fes, gaban kuma da ka zuƙo shi ka ga ɗige-ɗige ƙanana a jere, inji ne, ka wuce abinka.

In ya tsallake wannan sai maganar layi. Ka nemo hoton iri ɗaya a shafin British Museum ko gidan tarihin MFA na Boston, suna da su kyauta da girma, ka jera su a kwamfuta ba a waya ba. Dubi sa hannun mai zanen, dubi layin da ya zagaye hoton, dubi ganyen bishiya. Katakon da ya sha aiki layinsa yana kauri yana guntulewa, kamar hatimin ofis da harafinsa ya fara cinyewa. Sabon sassaƙa kuma layin tsaf yake amma ba zai hau daidai kan na gidan tarihi ba, dole ka samu inda ya kauce ko da kaɗan ne. Akwai kuma ɗan hatimin tantancewa na hukuma, kiwame, da ake sawa a lokacin, sau da yawa a gefen takardar, shi ya sa wadda aka datse wa gefe darajarta ke faɗuwa. Sai dai kar ka dogara da hatimi shi kaɗai don masu sake sassaƙa har shi suke kwafa. Girman ma ka tambaya, girman da suke kira oban ne, kusan santimita 25 da 38.

Ni ra'ayina, mai farawa ya fi masa ya sayi bugun Adachi da saninsa a kan ya sayi "tsoho" da ya koɗe, aka liƙa masa kwali a baya, tsutsa ta huda, wai don kawai a ce ya shekara 190. In kuma lallai tsohon kake so to ka tara kuɗi ka je wajen dilan da zai rubuta maka mawallafi da shekara da duk aibin takardar a rasit, ya kuma yarda ka dawo da ita.

Sannan tunda Kaduna kake, rana ce babbar matsalarka. Shuɗin sinadari da suke sawa, wanda suke kira bero, yana da juriya, amma ja da ruwan hoda da rawaya na tsirrai ne, da wuri suke gudu. Kar ka rataya inda hasken taga ke bugawa, kar takardar ta taɓa gilashi, kar ka sa mata salatif ko ka kai a yi mata laminatin don Allah. Da damina ka riƙa dubawa saboda danshi yana fito mata da tabo ruwan ƙasa, gara kuma ba ta san Hiroshige ba.

Ka fara da hoton bayan dai. In ya fara kwana-kwana ya ƙi turowa, ka riƙe dalarka.