Ƙarar kunne da talabijin: filasma ce ta jawo min?

Tambaya: Likita, shekarata 46. Tun bayan da na canja tsohuwar talabijin na sayi filasma, kunnuwana biyu ke yin wata siririyar ƙara kamar kukan gyare, kuma ta fi tsananta da dare in na kashe kallo. Wani ya ce hasken filasma ne ke taɓa ƙwaƙwalwa. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, a gida kuma an ce in ɗumama man zaitun da tafarnuwa in zuba. Tsoro nake kada in kurmance.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Ita ƙarar ba ta kurmantar da mutum, alama ce ta cewa ji ya taɓu, kuma hasken allo ba ya haifar da ita. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ce ma ke fitar da siririn fito na gaske, mai karkarwa 15,625 a daƙiƙa, wanda yara ke ji amma yawancin manya ba sa ji. Filasma ba ta da wannan, sai dai wani lokaci allon wutarta ko sitabilaiza ya yi gunji. Zare komai daga soket ka fita tsakar gida. In ƙarar ta biyo ka, a kunnenka take.

Laifin filasma a lasifika yake. Jikinta siriri ne, lasifikanta ƙanana, yawanci suna kallon ƙasa ko bango, sai magana ta riƙa fita a dushe. Mutum ya ƙara murya, ga janareta na ruri a bakin taga, ya sake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sautin da babban mutum zai saurara a desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Gidan kallon ƙwallo kuwa ba a magana.

Shiga saitin sauti ka kunna mai fito da murya, wanda LG ke kira Clear Voice, da mai daidaita ƙarfin sauti don kada talla ta zabura. Kunna rubutun ƙasan allo in tashar na da shi. Nisanta janareta da taga. In da abin sa wa a kunne kake kallo, kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin. Da dare kuma kada ka kwanta cikin tsit, domin shiru ne ke fito da ƙarar fili. Bar fanka tana juyawa, ko rediyo ƙasa-ƙasa, yadda za ka riƙa jin ƙarar kaɗan. In talabijin ce ke sa ka barci, sa mata agogon kashe kanta na minti 30.

Sai batun zube-zube, wanda kullum shi ke kawo mana aiki. Irin wannan ƙarar galibi daga can cikin katantanwar kunne take, bayan dodon kunne, inda ƙwayoyin ji kusan 15,000 suke. In hayaniya ko shekaru suka kashe wasu, ba sa sake tsirowa, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da sautin da babu shi. To ina man zaitun zai kai? In dodon kunne lafiya lau yake, man a waje zai tsaya, ya jiƙa datti ya kumbura, ya toshe hanya, ƙarar ta ƙaru. In kuwa akwai huda, kuma mutane da yawa suna da ita tun ciwon kunnen yarinta ba su sani ba, tafarnuwa da ruwan albasa za su shige ciki su ƙona. Maganin ɗigawa na kemis sau da yawa yana ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, kuma in suka bi ta hudar, su da kansu suke kashe ƙwayoyin jin da suka rage. Mai kemis bai leƙa kunnenka ba, ba shi ma da abin leƙawa, da wane ido ya ga dodon kunnenka? Haka masu yawo a kasuwa suna cewa sun ciro tsutsa daga kunne. Dabarar hannu ce kawai, mu ne ke ganin jinin da suka bari. Gashin kaza, tsinken ashana, auduga mai tsinke, duk ka ajiye su. Kwinin, allurar jentamaisin da asfirin mai yawa su ma suna tayar da ƙara, don haka ka zo da duk maganin da kake sha, amma kada ka daina wanda likita ya rubuta sai ya sani.

Je ka sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a leƙa kunnen, a yi gwajin ji, a auna jini. In ji ya ragu, na'urar ƙara ji kan sassauta ƙarar. Amma in ƙarar ta koma kunne ɗaya, ko tana bugawa tare da zuciya, ko ta zo da jiri, kada ka jinkirta. In kuwa ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, ranar za ka tafi asibiti, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki.