Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Jesin Yanzu Ta Cika Zane, Bajo Kuma Yake Ƙara Sauƙi?

Tambaya: Ni ke kula da kayan wasan wata ƙungiyar unguwa a Zariya, kuma za mu buga sabuwar jesi. Na lura a shekarun nan riguna sun cika zane, amma bajon manyan kulob-kulob sai rage masa ado ake yi. Me ya jawo haka, kuma me za mu kwaikwaya?

Amsa: Malam, idonka ya gani daidai. Injin bugu da wayar hannu ne suka jawo.

A da, kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne, domin sai an yanko wani yadin an ɗinka, ko a sake shafa fenti. Yanzu bugun sabilimeshan ya yaɗu. Ana buga zanen a takarda ta musamman, a shimfiɗa ta a kan farin yadin foliyesta, a danne da zafin da ya kai kusan digiri 200. Tawadar sai ta zama tururi ta shige cikin zaren, ko ka shafa da hannu ba za ka ji tudunta ba. Launi ɗaya da launi goma kusan kuɗinsu ɗaya, shi ya sa masu zane suka saki jiki.

Rigar da Nike ya yi wa Super Eagles a gasar cin kofin duniya ta 2018 ta nuna wa kamfanoni inda kasuwa take. Zanen nan mai kama da fuka-fukai, kore da fari, da baƙi a hannu, daga rigar 1994 aka ɗauko shi. Ranar 1 ga Yuni da aka fito da ita, mutane sun yi dogon layi a Landan, ta ƙare nan take. Tun daga nan ake ta tono tsofaffin zane: Adidas ya dawo wa Arsenal da rawayar rigarta ta farkon shekarun 1990 a 2019.

Shi kuwa bajo, yau a fuskar waya aka fi ganinsa, girmansa bai wuce farce ba. Ƙananan rubutu da ado duk cakuɗewa suke yi. Juventus ta koma harafin J a 2017, Inter Milan ta sauƙaƙa nata a 2021. Amma abin yana da iyaka. Da Puma ya cire bajo daga ƙirjin wasu riguna a 2021 ya sa sunan kulob, magoya baya sun yi ca a kansa. Atletico Madrid ma sai da ta koma tsohon bajonta a 2024 bayan magoya bayanta sun kaɗa ƙuri'a. A ganina suna da gaskiya. Ku rage wa naku cunkoso, amma kada ku taɓa alamar da unguwa ta san ku da ita.

To, ga abin da za ku kiyaye wajen mai bugu. Ku nemi foliyesta zalla mai nauyin giram 140 zuwa 160 a kowace murabba'in mita. Wannan bugun ba ya kama auduga, wanki kaɗan zai koɗe, kuma ba ya fita a baƙin yadi domin babu farar tawada a cikinsa. Kada ku tura bajo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi ake yi, gefensa ya fito dishi-dishi. Ku karɓi ainihin fayil daga wanda ya zana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lamba ta ɓace a cikin zane. Ku bar fili mai launi ɗaya a baya, lambar ta kai santimita 25 zuwa 35, launinta ya bambanta da na rigar sosai, yadda alƙalin wasa zai karanta daga nesa. A sa ta cikin bugun tun farko. Ta roba da ake mannawa ɓarewa take yi idan ta sha rana da guga. In dole sai ita, a juya rigar a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Kafin a buga duka, a fitar muku da guda ɗaya ku duba a hasken rana, domin koren kwamfuta daban yake da na yadi. Ku ƙara riguna uku ko huɗu a ajiye, bugu na biyu da wuya launinsa ya zo daidai da na farko. Rigar gola kuma dokar wasa ta ce dole ta bambanta da ta sauran 'yan wasa da ta alƙalai.