Ziyarar Fushimi Inari a Kyoto: me ake so baƙo ya yi?

Tambaya: Aiki zai kai ni Kyoto a Japan, kuma ina so in ga wurin bautar nan mai jajayen ƙofofi. Yaya ake zuwa? Dole ne baƙo ya yi abin da masu bauta suke yi?

Amsa: Fushimi Inari kake nufi, wurin bauta na Shinto, addinin gargajiyar Japan. An kafa wurin a shekarar 711 domin Inari, abin bautar da suke danganta wa albarkar shinkafa da kasuwanci. Daga tashar Kyoto ka hau jirgin JR na layin Nara, cikin minti 5 kana tashar Inari. Ka shiga mai tsayawa a kowace tasha, don mai sauri ba ya tsayawa a Inari. Ba kuɗin shiga, kuma ba a rufewa ko da dare.

Ba wanda zai tilasta maka bauta. Ladabi kawai ake nema: ka rage murya, ka bi gefen hanya, domin tsakiya a wurinsu ta abin bauta ce. A gaban babban ɗaki za ka ga mutum ya jefa kwabo, galibi yen 5 na kuɗin Japan, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa sau ɗaya. Wannan ibada ce; ka ba shi wuri.

A mashiga akwai kwarmin ruwa da ake wanke hannu da baki kafin a shiga, a nan ne baƙi kan yi kuskure. Ludayi ɗaya ake ɗiba, shi zai isa komai. Ana riƙe shi da dama a wanke hagu, a sauya a wanke dama, a mayar da shi dama a zuba kaɗan a tafin hagu a kurkure baki, sannan a miƙar da ludayin ragowar ruwan ya gangaro ta mariƙinsa. Ba a kai shi baki, ba a kuma zubar da ruwan cikin kwarmin, domin na baya ma nan zai ɗiba.

Ƙofofin, da ake kira torii, sun kai kusan 10,000. Ka waiwaya bayan ka wuce, za ka ga sunan mutumin ko kamfanin da ya ba da kowace, da ranar bayarwa. Gumakan dabba mai kama da dila kuwa manzannin Inari ne, wasu da mabuɗin rumbun shinkafa a baki.

Hanyar ƙofofin tana hawa dutsen Inari, mai tsayin mita 233, hawa da sauka awa 2 zuwa 3. Ka yi sammako kafin cunkoso. In ƙafa ta gaza, ka tsaya a mahaɗar Yotsutsuji, daga nan ana hango birnin Kyoto sarai.