Amsa ga 'yar'uwar da aka tura aiki Daura tana da goyo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ke ma'aikaciyar jinya ce, gidanki na cikin Katsina, an tura ki Daura, ɗiyarki wata biyu, hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, maigida kuma ya ce ki aje aikin. Masu ce maki ki yi haƙuri ki aje da masu ce maki ki ƙeƙasa ƙasa duk sun yi gaggawa. Mutumin da ya bar ki kika yi karatu, ya bar ki kika karɓi takardar ɗaukar aiki, da wuya a ce aikin ne ya tsana. Hanyar yake hange: kusan kilomita 80 zuwa, 80 dawowa, da jinjira a baya, ga diutin dare. Kuma yana da gaskiya. Hanyar za ki yi wa magani.

Abu na farko, kada ki daina zuwa haka kawai ki ce ai za su gane. A aikin gwamnati wanda ya ɓace ba izini gudu ya yi, ƙarshensa kora, kuma korarre da wuya ya sake samun gurbi. Ki rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ta bi ta hannun shugabar sashenku zuwa hukumar da ke kula da ku, ki haɗa da kwafin takardar aure da ta haihuwa. Ki yi kwafi biyu, a buga wa naki hatimi da kwanan wata ki riƙe. Takardar da ba ki da shaidarta, in ta ɓace a tebur kamar ba a rubuta ta ba. Abin da ya fi saurin tafiya kuwa shi ne musanya: ki nemo 'yar Daura mai mataki irin naki da aka kawo Katsina, ku rubuta tare. Ba gurbin da zai zama fanko, don haka mai sa hannu ba ya jin nauyi.

Ki san haƙƙinki kafin ki shiga ofis. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa sati 12, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Na ma'aikatan tarayya ya fi haka tsawo. Na jiha ki sa jami'in kula da ma'aikata ya buɗe maki ƙa'idar ki gani da idonki, ki kuma tambaye shi ko za a jona maki hutun shekara, da yadda ake neman hutu ba albashi. Rasa albashin 'yan watanni ya fi rasa gurbin baki ɗaya.

Maganar nono ita ce ke kada mutane. Ki fara tatsa sati biyu kafin komawa, ba ranar komawa ba, don hannunki ya saba ita ma ta saba. Ki zuba a ƙananan mazubai masu murfi da aka tafasa, kowane kamar mil 60 zuwa 100, abin sha ɗaya, saboda ragowar da baki ya taɓa ba a ajiye ta. A ɗaki awa 4 ne iyakarsa, a zafin bazararmu kuwa kada ki bari ya kai haka. A firji kwana 4, in ba a ɗauke wuta ba ke nan. Tunda kin san halin wutar, ki tanadi ƙaramar kula da ƙanƙara. Ba a dafa shi, mazubin ake tsomawa cikin ruwan ɗumi. A ba ta da ƙaramin kofi, ya fi bulunboti sauƙin wankewa. A wurin aiki ki tatsa duk bayan awa 3, in ba haka ba nono ya cika ya yi tauri, sannu a hankali ruwan ya ja baya.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen mai raino. Kaka ta ga jika na kuka, tausayi ya sa ta ɗura mata ruwa ko koko, ciki ya cika, kin dawo ta ƙi kama nono, sai a ce ai aikin ne ya ƙafar maki da shi. Kafin wata 6 nono kaɗai. Amma kada ke ki faɗa wa Hajiya wannan, ɗanta ya faɗa mata. Magana ɗaya ce, bakin da ta fito ne daban. Kuma don Allah a daina barin jinjiri hannun 'yar raino 'yar shekara 10 da aka ɗauko daga ƙauye, ita ma raino take buƙata. Ki samu babbar mace, ki yanka mata albashi.

Girki ba abin tada hankali ba ne. Ranar hutu ki soya kayan miya na kwana uku, ki tankaɗe gari. Kuka da busasshiyar kuɓewa ba su san firji ba.

Sai kuɗi. Ci da sha da sutura da muhalli nauyinsa ne, albashinki naki ne. Amma kuɗin mota da na mai raino aikinki ne ya jawo su, ki ɗauke su ki faɗa mashi adadin. Kada ki tsoma hannu a cefane don ki saye izini, abin da aka fara da kunya wata uku ya isa ya zama wajibi.

In za ki zauna da shi, ki je da takardar canjin a rubuce, da sunan mai rainon, da jadawalin diutinki na wata, ki roƙi wa'adin wata uku. In maganar ta cije, ki sa waliyyinki ko yayan da yake jin kunya ya shigo, ba ƙawaye ba. Ki kuma roƙi shugabarku ta bar ki a diutin safe har ɗiyar ta fara cin abinci, da alkawarin za ki biya daren daga baya.