Me ya sa fassara biyu na baiti ɗaya a Shahnama suke saɓawa?

Tambaya: Malam, na karanta farkon labarin Rustam da Suhrab a fassara biyu, ma'anarsu ta sha bamban. Wani ya yi kuskure ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Sau da yawa matsalar daga rubutun take. Mawaƙi Firdausi ya kammala Shahnama, doguwar waƙar Farisanci ta labaran sarakuna da jaruman Farisa, a 1010, baitoci kusan dubu 50, amma kwafi mafi tsufa da ke hannunmu, wanda ke Fulorans ta Italiya, na 1217 ne, kuma bai cika ba. Shekara sama da ɗari biyu ke nan tana yawo a hannun masu kwafa.

Magabatan marubuta ba sa sa wasali, kuma da harafin kaf suke rubuta "k" da "g". Duk wanda ya taɓa fama da tsohon ajami ya san wannan wahala. Dubi baitin farko na labarin: guguwa ta taso ta kayar da ɗanyen lemo ƙasa. Daga ina ta taso? Kalmar a takarda tana iya zama "kunj", wato lungu, ko "ganj", wato taska. Mafi yawan malamai lungu suka ɗauka, ni ma haka.

Baitin da ke biye ya fi jan hankalina. Akwai 'yar kalma "ar", wadda mai Farisancin yau zai fassara da "idan". A bakin Firdausi kuwa tana zuwa da ma'anar "ko". Da haka baitin ya zama tambaya: mu kira guguwar azzaluma ko mai adalci? Mutuwar saurayi Suhrab a hannun mahaifinsa Rustam ake shimfiɗa wa hanya, shi ya sa nake jin zafi in an lalata wurin nan.

In ka ci karo da irin wannan, fara auna baitin da karin mutaƙarab, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa na aruli, domin a kansa aka gina waƙar duka. Karatun da ya karya kari ya faɗi. Sannan ka nemi yadda Firdausi ya yi amfani da kalmar a wasu wurare. Fassarar Larabci ta Bundari, wadda aka yi wajen 1224, tana taimakawa, ko da yake yana taƙaitawa. Bugun Shahnama mai juzu'i 8 da masani Khaleghi-Motlagh ya tace yana jera saɓanin kwafe-kwafe a ƙasan shafi, can za ka ga abin da kowane mai fassara ya bi.