Matsalar ba daga akwatin take ba

Malam na ga tambayarka, ka ce ka ajiye akwatin shawara a wurin aikinku wata uku ko takarda ɗaya ba a jefa ba, kana neman yadda ma'aikata za su riƙa kawo gyara da kansu. Wallahi sai da na yi dariya don ni ma na yi wannan.

Shekara tara ina kula da masu injin a wani kamfanin leda a Sharada. Akwai injin yankan da kullum da la'asar sai ya fara yanka a karkace, mu yi ta asarar leda, oga har ya fara maganar sayo sabo daga Chana. Ashe yaron da ke kansa ya daɗe da sanin cewa wani noti ne ke kwancewa in ƙarfen ya ɗau zafi, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda wanda ya kai rahoton matsala kafin shi an zaftare masa albashi an ce shi ya ɓata. To waye zai yi magana?

Japanawa na kiran abin kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum. Toyota tun 1951 suke karɓar shawarar ma'aikata, kuma a layinsu na haɗa mota akwai igiya ko maɓalli na kiran agaji, tsarin da suke kira andon, ƙaramin ma'aikaci in ya ga aibu zai ja ko ya danna, shugabansa ya taho da gudu ya taimaka, in ta kama a tsayar da layin a tsayar. Marigayi Taiichi Ohno, babban injiniyansu, cewa ya yi in matsala ta taso a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Mu kuwa tambayarmu ɗaya ce, waye ya yi, shi ya sa kowa ke rufa wa injin asiri.

Abin da ya yi mana aiki, mun daina cire kuɗin wanda ya faɗi matsala, sannan kowace safiya minti goma a tsaye gaban injin, ba a ofis ba, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ba shi wahala jiya. Duk abin da aka kawo cikin sati a gyara, in ba zai yiwu ba a faɗa wa mutum dalili a gaban kowa, wannan ɗin ne ogogi ba sa so. Sai da muka yi kusan wata biyu ina surutu ni kaɗai kafin wani dattijo ya ce a matso da sikeli kusa da injin, ya gaji da ɗaukar buhu zuwa ƙofa. Ranar muka matso da shi, washegari mutum uku suka yi magana.