Ni ma sau uku aka ɗura min gas

Hajiya, wallahi ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta. Kin ce esinki (na'urar sanyaya ɗaki) ya shekara tara, mai gyara ya ce kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, ya mutu, a gyara ko a sayi sabo. Kar ki ba kowa ko sisi tukuna.

Nawa a Kubwa ya daina sanyi a azumin 2024, tsakiyar Maris, kin dai san garin nan. Wani mai gyara ya ce gas ne, ya ɗura. Bayan 'yan kwanaki ya sake. Sau uku fa! A na huɗu ya ce kwamfireso, ya kwance nawa ya tafi da shi, ya kawo wani ɗan kwatano duk tsatsa. Kwana 11 ya yi. Daren da ya tsaya, ƙarfe biyu ina zaune ina yi wa 'yata fifita da guntun kwali, wuyanta duk ƙurajen zafi, ga girkin sahur na jirana. Na kira shi ya fi sau ashirin. Har yau in mun haɗu gaishe ni yake, ko kunya. Na bar shi da Allah.

Wanda ya zo daga baya ruwan sabulu kawai ya shafa a mahaɗar bututun tagulla, kumfa ta tashi. Ashe gas ɗin esi ba ƙarewa yake kamar na girki ba, in ya ragu to yoyo yake.

Ki kira wani daban ya fara duba kafasita, 'yar na'urar da ke tayar da kwamfireso. In ɓangaren esin da ke waje yana gurnani bai tashi, sau da yawa ita ce, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ki tsaya a kansa, kar a fita da komai daga gidan. Ki leƙa rubutun jikin na wajen, in kin ga R22, tsohon gas ne da ake janyewa a duniya. In kwamfireson ya mutu da gaske, ni dai ba zan ƙara zuba kuɗi a irinsa ba. Sabon esi mai inbata na saya, irin mai rage cin wuta, dama tun da wutar Band A ta kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 tsohon ke cinye mana kati kamar wuta a kara. Maigida ya yi ta mita, yanzu shi ke riga kowa shiga ɗakin.

Af, ki haɗa da sitabilaiza. Tsohon kuma kar ki bar wa mai gyara kyauta, 'yan gwangwan na sayen tagullar.